Rawar da Suka Ɗauka Daga Ƙafata

Ƙafata ta hagu ba ta kai ta dama ba. Shan inna ne ya taɓa ta ina da shekara uku a Rawayau, ta tsotse, ta gajarta, gwiwar kuma ba ta riƙe nauyina sai na taimaka mata. In zan taka sai in ɗora tafin hannuna na hagu a kan gwiwar, in danna, kafaɗata ta yi ƙasa, sannan in jawo ƙafar dama in miƙe. Haka nake tafiya tun da na san kaina. Na fara da wannan bayani ne saboda duk wanda ke da babbar waya a hannu ya riga ya ga tafiyar nan, ko da bai taɓa taka ƙasar Katsina ba. Ya gan ta a jikin 'yan mata huɗu masu lafiyayyun ƙafafu, fitilu na haska su, jama'a na ihu. Wataƙila ma shi kansa ya tashi ya gwada ta a tsakar ɗakinsa, ya yi dariya, ya koma ya zauna.

Ba zan faɗi sunayensu ba. Masu kiran sunan nasu sun yi yawa, ba sai na ƙara da bakina ba.

Iya, wato mahaifiyata, ba ta taɓa yarda a goya ni ba bayan na warke daga zazzaɓin da ya cinye ƙafar. Rijiya da ni, gona da ni, kai niƙa da ni. In wata maƙwabciya ta ce a tausaya wa yarinya, sai Iya ta ce ƙafar ce ta lalace, sauran jikin ai da ransa. Na ji haushinta sosai a lokacin. Daga baya na gane abin da ta saya mini. Da yake kullum mutanen Rawayau suna ganina a hanya, sai idonsu ya gaji da ni. Na zama kamar kowa, in wuce a amsa sallamata, ba wanda zai dubi ƙasa. Mai ƙafa biyu lafiyayyu bai san daɗin wannan ba, don kyauta aka ba shi. Ni kuwa duk inda na je baƙuwa sai na yi aikinsa daga farko, in yi ta wucewa ana kallo, ana kallo, har a daina. A Dutsin-Ma, da aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata, zango guda cur na yi kafin idanu su sauka daga kaina.

A can na haɗu da su. Mu biyar ne a kusurwa ɗaya ta ɗakin kwana: ni, da wasu ya da ƙanwa, da wata doguwa mai son barci, sai ta biyar ɗin, wadda gadonta ke saman nawa. Ɗiyar wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, kuma ita ce yau babbarsu, mai jan baki a waƙa. Ba zan yi mata ƙarya ba don ina fushi da ita. Ita ce ke ɗaukar mini bokiti ranar da aka yi ruwa hanyar famfo ta yi santsi. Ita ce ta taɓa shaƙe wata 'yar aji uku da ta kira ni gurguwa a layin abinci, aka sa ta noman ciyawa kwana uku, ta yi abinta tana waƙa. Murya kuwa Allah ya ba ta. In ta ɗaga ta a bakin famfo, har masu dafa abinci sai sun leƙo.

Ran Asabar bayan wanki, kafin la'asar, sai mu rufe ƙofar ɗaki mu kife bokitai. Ni ce mai ƙwarya, tunda aikin zaune ne. In cika baho da ruwa, in kifa ƙwarya a kai, in kama ta da ludayi biyu, kamar yadda na ga matan Rawayau na yi a wunin biki. Ɗiyar Alhajin ta ja baki, sauran su amsa, 'yan ɗaki su yi da'ira. Wata Asabar suka ce wallahi yau sai mai ƙwarya ta shiga fili. Na ƙi, suka ja ni, doguwar ta karɓi ludayin. Da na ga ba mafita, sai na ce to bari in ba su abin da suke nema. Na ɗauki tafiyata ta kullum na ɗora ta a kan kiɗan, na ƙara mata gishiri: in dafa gwiwa, in duƙa fiye da yadda nake duƙawa, in miƙe ina karkaɗa kafaɗa. Ɗakin ya kece da dariya, har wata ta faɗo daga gado. Ni na fi kowa dariya, hawaye na zuba. Ranar ce farko a rayuwata da na yi wasa da ƙafar nan, kuma na ji daɗi har cikin raina. Daga nan ta zama rawarmu. Su ma su huɗun sukan yi ta a gabana, in tsaya ina gyara masu, ina cewa ba haka ba ne, ku dai ba ku iya gurgunta ba.

Duk macen da ta tashi a wajenmu ta san ƙa'idar irin wannan wasa ba sai an karanta mata ba. Na sha ganin tsofaffi masu jikoki, in an fitar da maza da yara an saki labule a wunin biki, suna rawar da in aka faɗa wa 'ya'yansu za su ce ƙarya ne. Gobe ki gamu da ɗayarsu da carbi a hannu, ba ke ba ita, ba mai tayar da zancen. Abin da aka yi a cikin ɗaki, a cikin ɗakin yake zama. Su huɗun nan ba daga sama suka faɗo ba, iyayensu mata sun san wannan, su ma sun sani.

Da muka gama makaranta ni na tafi kwalejin horar da malamai, na dawo aka ba ni aji a wata firamare a Kurfi. Na auri wani mutumin Tamawa mai gyaran injin niƙa, mutum mai sanyin hali da ƙarancin magana. A Kurfin ma sai da na yi aikin da na saba, na yi ta bin hanya ɗaya daga gida zuwa makaranta da ƙafa, har masu shago da 'yan acaba suka daina ɗago kai. Su kuwa huɗun suka zauna a Dutsin-Ma suna waƙa a bukukuwan mata. Wata ta ɗauke su a waya, abin ya zaga, aka kira su Kano suka shiga situdiyo, daga Kano sai Legas. Ƙwaryar nan ta cikin ruwa ba su yar da ita ba, sai suka haɗa ta da jita da ganguna na zamani, kuma wallahi abin ya yi daɗi. Surutu kuwa an yi shi. An ce sun zubar da mutuncin gidajensu, an ce ba mai aurensu, an yi wa'azi da su ba a kama suna ba. Ni ce mai tsaya masu. Na taɓa yin wata biyu ba ma magana da yayar mijina saboda ta kira su 'yan iska a gabana. Da aka ce sun hau jirgi sun tafi Yamai, sannan Akara, sannan Landan, sai in ji kamar ni ce a jirgin. In ga Turawa sun cika fili suna amsa Hausar da ba su san ma'anarta ba, in ce wa mijina duba, waccan mai tsayin barci ne da ita kamar kasa, waccan kuma gadonta ne a saman nawa. Da farko babbar takan kira ni jefi-jefi. Daga baya kiran ya ɗauke, ban kuma riƙe ta da komai ba, na san hidima ta yi mata yawa.

Yadda na ji labarin sabuwar waƙar tasu, ba a waya na fara ganinta ba. A bayana na gan ta. An tashi daga makaranta ina tsallaka fili, sai na ji ƙus-ƙus da 'yar dariya. Na waiga. Yara sun kai goma sun jeru a bayana, kowanne hannun hagu a gwiwa, suna duƙawa suna miƙewa tare, suna rera wani abu ƙasa-ƙasa. Shekara shida ina koyarwa a wurin, ba yaron da ya taɓa yi mini haka. Na kama uku na zane su, na ce gobe kowa ya zo da ubansa. Sai wata malama abokiyar aikina ta ja ni ofis, ta zaunar da ni, ta ce in yi haƙuri, yaran ba da ni suke ba, rawa ce ta fito. Ta miƙo mini wayarta.

Su huɗu ne cikin atamfa iri ɗaya, a wani dandali mai faɗi kamar filin ƙwallo. Kiɗan ƙwarya ya tashi, suka ɗora hannu a gwiwa. Ta hagu. Ko su ce bari mu mayar da ita dama don kunya, ba su yi ba. Har wani ɗan karkata wuya suke yi in sun miƙe, wanda ban san daga ina suka samo shi ba. Da na koma gida na nuna wa mijina, na tambaye shi ko ni ma ina karkata wuyan haka. Ya daɗe yana kallon wayar, ya ce bari ya je ya duba wani inji da ya bari a buɗe. Daga nan na san amsar. Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya da babbar tasu, ashe tana haddace ni har abin da ni kaina ban sani ba.

Cikin 'yan watanni rawar ta gama duniya. Malamar nan kullum da sabon abin da za ta nuna mini, har sai da na ce mata ta daina. 'Yan ƙwallo in sun ci sai su ruga kusurwa su jeru su dafa gwiwa. Ma'aikatan jinya cikin fararen kaya a wata ƙasa da ban san sunanta ba. Wani tsohon Bature da matarsa a ɗakin girkinsu, kare na zagaye su. Amare da angwaye a Indiya. Duk waɗannan ban ga laifinsu sosai ba, ba su san akwai wata mace a Kurfi ba. Amma a Kurfi an sani. Waɗanda muka yi makaranta tare sun watsu a gidajen aure daga Dutsin-Ma har Wurma, kowacce kuma ta ba da labari da alfaharinta, ai a gabanmu aka fara, ai malama ce mai ita. Shi ke nan, idanun da na yi shekaru ina lallashi suka dawo kaina gaba ɗaya. In na nufo bakin titi, 'yan acaba su fara fito da baki. Ran kasuwa mai sayar da cajin waya ya saki waƙar a lasifika daidai lokacin da zan wuce ta gaban rumfarsa. Wasu ma da zuciya ɗaya suke yi, su ce Malama kin yi suna, Malama Allah ya ɗaukaka. In yi murmushi in wuce.

Wanda ya fi ci mini rai a tashar Dutsin-Ma ya faru, da rana tsaka. Na sauko daga mota zan je gaishe da wata gwaggona, waƙar na tashi daga wani shago. Nan ba a san ni ba. Ina cikin tafiya sai wasu 'yan mata masu tallar awara suka fara tafi, ɗaya ta ce lallai wannan Hajiyar ta iya. Ban kula su ba. Sai wani dattijo mai farin gemu, da buta a hannu, ya sha gabana. Ya ce haba baiwar Allah, ke da hijabinki, da girmanki, a tsakiyar maza kike wannan abin? Ya ce in yara sun lalace, ai bai kamata iyaye su bi su ba. Na tsaya ina kallonsa. Me zan ce? In ɗage zane in nuna mashi ƙafar a tasha? Na ce mashi to Baba, na gode. Na jira ya juya baya, don in na taka a gabansa zai ce na raina shi. Na fi minti goma a tsaye a rana kamar an dasa ni, har waƙar ta ƙare. Gidan gwaggon da ban je ba ke nan, na koma cikin motar Kurfi.

Na nemi lambar babbar tasu, wadda nake da ita ta daina shiga. Wadda aka ba ni wani namiji ne ya ɗauka, ya yi mini Turanci, ya ce in rubuto saƙo. Na rubuta, ba amsa. Sai ga shi an sa bikin ƙanwarta a Dutsin-Ma, aka ce duk su huɗun za su zo. Ranar wuni da hantsi sai ga mota baƙa mai sanyi a ƙofar gidanmu a Kurfi, direba ya ce Hajiya ce ta aiko a ɗauko ƙawarta. Mijina ya ce in ba na so kada in je. Na ce ai ko da rarrafe ne sai na je, kwana nawa ina tara maganar nan a bakina.

Ta ƙofar baya aka shigar da ni, har ɗakin mahaifiyarta. Ƙawar tawa tana ganina ta taso da gudu ta rungume ni, tana kuka, tana kiran sunan da take kirana da shi a makaranta. Kukan gaskiya ne, na san kukanta. Ta rame, ta yi haske, hannunta ya yi laushi. Ta kori kowa daga ɗakin, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar da, tana tambayar Iya, tana tambayar maigida. Na bar ta ta gama. Sannan na ce mata ba gaisuwa ta kawo ni ba, na faɗa mata na yara, da na 'yan acaba, da na dattijon tasha. Ban rage komai ba.

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Wallahi don ke muka yi. Duk ƙasar da muka hau dandali, in na dafa gwiwa ke nake gani."

Na ce, "Kin tambaye ni?"

Ta ce ai ni na koya masu, da bakina nake gyara masu.

Na ce, "A ɗaki, ƙofa a rufe, ina tsaye a wurin. Ke in kin sauko daga dandalin sai ki ɗauke hannunki ki miƙe ki tafi. Ni a ina zan ɗauke nawa?"

Can ta ce akwai masu lalurar ƙafa a ƙasashen waje da ke rubuto masu godiya, suna cewa rawar ta cire masu kunya. Na ce Allah ya ƙara masu lafiya, su ba a tashar Dutsin-Ma suke sauka ba. Na ce abu ɗaya na zo nema, su daina. Su cire ta daga wasansu, su ce wa mutane sun bar ta.

Ta ce ko yau za ta iya rantsewa ba za ta ƙara yi ba, sauran ukun ma za ta sa su. Amma in sani abin ya fita daga hannunsu. Yanzu kafin su fito ma jama'a sun fara da kansu, mutum dubu nawa hannu a gwiwa suna jira. Ko sun mutu gobe, rawar na nan. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona ni, don na zo da shirin faɗa da mai gardama, sai na tarar ba abin da faɗan zai dawo mini da shi. Sai ta fara kawo abin da take gani gyara ne. Za ta faɗa wa duniya ko wace ce mai rawar, a zo a ɗauke ni a hoto, a san ni. Za ta kai ni waje, akwai likitocin da ke ƙara tsawon ƙashi, ita za ta ɗauki komai. Nan ne na ji kamar in kife ta da mari. Na ce wato kun gama cin amfanin ƙafar, yanzu kuma a gyara ta? Shekara talatin da wani abu ina tafe da ita, ta kai ni rijiya, ta kai ni kwaleji, ta kai ni ɗakin mijina, ban taɓa kawo maki ƙararta ba. Na ce in ta kuskura ta ambaci sunana ko garinmu a gaban wani mai kyamara, ban yafe ba. Na tashi. Ta riƙe mini hijabi, na fizge.

Da fushi na fito, sai na bi ƙofar da na gani a buɗe, ashe ta tsakar gida ce. Mata sun cika ta maƙil, an jera kujeru, mai kayan sauti na gefe. Wata da muka yi makaranta tare ta hango ni, ta rangaɗa guɗa, ta ce ga mai ita nan. Kafin in juya an saki waƙar. Mata suka dare biyu suka buɗe mini hanya har zaure, suna tafi, wayoyi sun tashi sama. Ba wata hanyar fita sai wannan. Na fara takawa. Kowane taku nawa sai ya faɗa daidai kan kiɗan, dole ya faɗa, tunda a jikin takun aka yanka kiɗan. Na gwada in yi sauri in saɓa mashi, gwiwar ta nemi ta lanƙwashe, na yi taga-taga, aka ƙara ihu an ɗauka salo ne. Wata tsohuwa ta taso ta manna mini kuɗi a goshi. Tsakar gidan ba ta fi taku ashirin da 'yan kai ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Ban shiga baƙar motar ba. A bakin titi na tari ɗan acaba ya kai ni tasha, kuma sai da ya kai ni har bakin ƙofar mota na sauka.

Ƙawar tawa ta cika alkawari, ban ƙara ganin su huɗun sun yi ba, ba ta kuma ambace ni ba. Bai rage komai ba. Ni kuwa daga ranar na daina tafiya a waje. Mijina ke ɗaukata a babur ya ajiye ni a ƙofar aji, ya dawo ya ɗauke ni in an tashi. A zaune nake koyarwa, in sa mai kyan rubutu ya yi mini a allo. Cefane sai aike. Gidan suna da gidan gaisuwa sai in san inda babur zai tsaya kafin in yarda in je. A gidana kuma na kafa doka, ba mai shigo mini da waƙar nan, ko a waya ko a baki.

Da labari ya kai wa Iya a Rawayau cewa ɗiyarta ta koma sai an ɗauka, sai ta yo ƙunshin kayanta ta zo ta ce kwana biyu za ta yi. Ba ta yi mini faɗa ba, ta tsufa, kallona kawai take yi. Kallon ya fi faɗan ciwo.

Ɗiya ɗaya Allah ya ba mu, lokacin tana da shekara huɗu, ba ta fara makaranta ba. Da safe a kwana na biyu na zuwan Iya, na ɗauki bokiti daga madafa zan kai bakin randa. Iya na zaune a tabarma tana tsince wake. Na ji ƙaramin taku a bayana, na waiga. Ɗiyata ce, da gwangwanin madara a hannun dama, an zuba ruwa rabi, hannun hagu a kan gwiwa. Ta duƙa, ta miƙe, ta karkata wuya.

Ban san lokacin da na saki bokitin ba. Na kai mata mari, irin wanda ban taɓa yi wa ɗan kowa ba, har ta zauna a cikin ruwan da ya zube. Ina ihu ina tambayarta gidan uban wa ta gani, wa ya nuna mata, har cikin gidana waƙar nan za ta biyo ni? Ba ta yi kuka nan take ba. Ta riƙe kunci tana kallona, gwangwanin na gangarawa.

Iya ta ajiye faifan waken, ta taso da kyar ta ɗauke ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wace waƙa? Yarinyar nan tun da ta fara tafiya haka take bin bayanki in kin ɗauki bokiti. Tun ba a yi waƙar ba. Ni na gani, ubanta ya gani, muka yi shiru don kada ki hana ta. Ke ce dai ba ki taɓa waigawa ba."

Da rana na tambayi mijina, ya ce haka ne. Ya ce in ta ga zan yi shara ma sai ta ɗauko ɗan tsinke ta dafa gwiwa ta bi ni, tana cewa ita Umma ce.

Na ba ta haƙuri. Na goya ta, abin da na daɗe ban yi ba, na saya mata alewa, na ce mata Umma ce ta yi kuskure, ta yi tafiyarta yadda take so. Ta gyaɗa kai. Yara ba su riƙe abu, haka kowa ya ce mini, kuma gaskiya ne ta ci gaba da wasa da ni, tana hawa cinyata, tana kwana a jikina. Amma yanzu shekararta shida, kuma tun daga waccan safiyar in na ɗauki bokiti sai ta tsaya inda take, hannayenta biyu a bayanta, har in kai in ajiye. Na sha rage sauri ina saurare ko zan ji takun. Ba ta ƙara bin bayana ba.